Na'urar Gano Ƙarfe a Kufaifan Zazzau: Me Za Ta Samo, Me Za Ta Ɓata?

Duk manomin da ya taɓa yin huɗa a tsohon kufai, a ƙasar Kudan ko Makarfi ko Ikara, ya san garma ba ƙasa kaɗai take juyowa ba. Takan fito da tsingaro, da guntun dutsen niƙa, da baƙin dunƙulen kashin maƙera mai nauyi da 'yan ramuka a jikinsa, wani sa'in kuma da kwabo mai huji wanda ya dafe saboda daɗewa. Yara su ɗauki kwabon su yi wasa, manya su watsar da sauran a bakin iyaka don kada su dakushe fartanya. Haka abin yake tun kaka da kakanni, ba wanda ya mayar da shi sana'a.

Yanzu waya ta kawo wa matasanmu hotunan Turawa suna yawo a filayen shaƙatawa da gonaki, riƙe da wata na'ura mai doguwar sanda da faifai a ƙasanta. Ta yi kuka, su tona, su fito da kuɗin da ya shekara dubu a binne. Na'urar kuma ba baƙuwa ba ce a Arewa, masu neman zinare sun daɗe da shigo da ita. Saboda haka ya kamata a yi tambayar tun kafin abin ya zama ruwan dare: in mutum ya ɗauki wannan inji ya shiga kufaifan da ke kewaye da Taba ko Likoro ko Hunkuyi, me zai samo, na wane ne abin da ya samo, kuma a wane hali zai bar wurin?

Aikin na'urar ba sihiri ba ne. A cikin faifan akwai naɗaɗɗiyar waya da lantarkin batir ke bi, sai ta watsa ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In akwai ƙarfe a kusa, shi ma sai ya mayar da nasa martani, na'urar ta ji ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya gwada irinta don neman harsashi a jikin shugaban Amurka James Garfield, amma a Yaƙin Duniya na Biyu ta yi suna, lokacin da sojoji suka riƙa share nakiyoyin da aka binne da ita. Ƙaramin abu kamar kwabo, da wuya ta ji shi in ya wuce zurfin taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya. Ƙasarmu kuma tana wahalar da ita, domin jar ƙasa da marmara cike suke da sinadarin ƙarfe, sai ƙaramar na'ura ta yi ta kuka a inda babu komai.

A Turai masu sha'awar tarihi ne suka yaɗa ta. A wajenmu ta ƙofar zinare ta shigo, kuma wannan bambanci ne da zai bi ta duk inda ta je. Daga Sudan aka fara ganin dubban mutane suna bazama cikin hamada da ita. A 2014 aka gano zinare a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, sai jama'a suka kwarara daga Agadas da Cadi da Sudan da Libiya da Nijeriya, har gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017. A Zamfara da Birnin Gwari kowa ya san abin da haƙar zinare ta jawo, daga gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, zuwa rikicin da har yau bai lafa ba. Duk wanda aka gani da wannan inji a bayan gari, ba wanda zai ce masa mai son tarihi. Mai gona zai ɗauka zinare aka hango a gonarsa, 'yan sintiri su ɗauki wani abu daban, kafin gari ya waye labari ya kai ƙauyuka uku. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani.

To, a bar batun tsaro, a zo kan abin da ke binne. Abu na farko da ya kamata mai mafarkin tsofaffin kuɗi ya sani shi ne, kuɗin kakanninmu ba ƙarfe ba ne. Wuri ne, wanda ake kwasowa daga tsibiran Maldibis da gaɓar gabashin Afirka. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, tsakanin 1703 da 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Da Bature Heinrich Barth ya sauka a Kano a 1851, ya tarar ana canza liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Mai kuɗin wancan zamani buhunan wuri yake tarawa, ko ya zuba su a tukunya ya binne a ƙuryar ɗaki. Ko na'urar da ta fi kowace tsada ce ta bi ta kan wannan tukunya, shiru za ta yi. Sauran dukiyar ma, riguna ne da turkuɗi da gishiri da dawaki da shanu, duk ba abin da ke jiran inji a ƙarƙashin ƙasa. Liyari ne kaɗai kuɗin azurfa da ya yi yawo sosai, wato dalar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tariza. Kusan kowane liyari za ka ga an buga masa shekarar 1780, ba don duk a shekarar aka ƙera su ba, sai don haka aka ci gaba da buga su har ƙarni na ashirin. Da yawansu ma maƙeran fari sun narkar da su sun yi wa mata zobba da awarwaro.

Kuɗin ƙarfe na talaka da mulkin Turawa ya zo. A 1904 gwamnatin Turawa ta hana shigo da wuri, aka kuma matsa wa mutane biyan haraji da tsabar kuɗi. A 1907 aka fara buga anini da kwabo. Aninin farko da alminiyan aka yi shi, yana cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, amma bai jure ba, a 1908 aka koma wani gaurayen ƙarfe mai haske. Wanda bai taɓa riƙe anini ba, ɗan ƙaramin abu ne marar nauyi, da huji a tsakiya don a zura shi a zare. A gefe guda akwai tauraro mai tsini shida, a ɗaya gefen kambun sarauta da sunan sarkin Ingila, da rubutun Larabci da ke faɗin darajarsa. Goma suke yin kwabo ɗaya. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Likoro da Gimi, sai kuɗin auduga da gyaɗa suka fara shiga aljihun manoman wannan yanki. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, ta fito da taro da sisi da sule mai bishiyar kwakwa da dala, da farko na azurfa, daga 1920 kuma na jan gauraye. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya buga nasa, taro mai auduga, sisi mai koko, dala mai furen gyaɗa, har zuwa ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta karɓe su.

Waɗannan su ne kuɗin da na'ura za ta fi samowa a tsohuwar kasuwa, ko gindin tsamiyar da fatake ke yada zango, ko kangon gida. Kuma gaskiyar da dillalai ba sa faɗa ita ce, miliyoyinsu aka buga. Ko kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki tun bai cika shekara ba, ana samunsa da arha a wajen masu tara tsofaffin kuɗi saboda yawansa. Wanda ya kwana shekara tamanin a cikin ƙasa, ruwa da taki sun cinye fuskarsa, bai ma kai wannan ba. Mutum zai iya share shekara yana tono bai mayar da kuɗin injinsa ba.

A nan 'yan damfara suke shigowa. Ba a rasa jin wani ya ce akwai Bature ko Balarabe da ke neman tsohon kwabo, ko tsohon dutsen guga na gawayi, ko keken ɗinki, wai akwai wani jan sinadari a ciki da ake saye da miliyoyi. A 2009 irin wannan jita-jita ta cika Saudiyya, mutane suka riƙa sayen tsofaffin kekunan Singer da kuɗi masu yawa, daga baya ta bayyana babu komai a ciki. Salon bai sauya ba. Wani ya zo ya yi tayin kuɗi mai tsoka ya ce zai dawo, abokinsa ya ɓullo da kayan ya sayar maka, daga nan ka nemi mai tayin ka rasa.

Amma ƙarancin kuɗin abu ba ya nufin ba shi da daraja, kuma nan ne na fi damuwa. Ƙasar Zazzau tsohuwar ƙasa ce ta maƙera da masu narkar da tama. A shekarun 1970 masu binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da John Sutton, sun tono matoyan tama a yammacin Samaru waɗanda suka haura shekara dubu. Ga Kufena, ga Turunku inda ake danganta Bakwa mahaifin ko mahaifiyar Sarauniya Amina, ga tsofaffin garuruwa masu ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano. Tarihin da aka rubuta na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Tarihin manomi da maƙeri da marini da mai sassaƙa, yawancinsa yana cikin ƙasa, ba a karanta shi ba tukuna. Bakin kibiya, linzami, likkafa, munduwa, tsohuwar hauya, su ne takardunsa.

Kuma abu ba ya ba da labari shi kaɗai. Mai binciken kufai yana son ya san a wane zurfi aka same shi, me ke gefensa, wace irin tukunya ce a samansa, akwai gawayi kusa da shi ko babu. Da ɗan gawayin nan ake auna shekaru. Munduwar da aka zaro aka kai kasuwa ta zama munduwa kawai, ba wanda zai ƙara sanin ko ta shekara ɗari ce ko ɗari bakwai. Kamar a yage shafi ɗaya daga tsakiyar littafi ne a ƙone sauran. Mai na'ura kuma ƙarfe kaɗai yake ji, duk abin da ya tare masa hanya, tukunya ce ko ƙashi ko daɓen ɗaki, diga zai sa masa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, a cikin jihar Kaduna yake. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kai wa masanin binciken kufai Bernard Fagg wani kai da aka samu a Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa don korar tsuntsaye, daga nan duniya ta san akwai wata al'umma da ta rayu a wannan yanki fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Da kasuwar kayan ta buɗe a Turai, sai a shekarun 1990 aka shiga tono ba ji ba gani. Manoma suka bar gona suka koma haƙa, dillalai na ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kayan kuma su ɓulla a Faris da Burasels da farashin da manomin bai taɓa mafarki ba. A 2000 wasu daga cikinsu suka bayyana a gidan tarihi na Luba a Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce har Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne. Da masu bincike daga Jami'ar Frankfurt suka fara aiki a yankin a 2005, sun tarar mafi yawan wuraren da suka ziyarta an riga an tone su. Irin wannan ta faru da mutum-mutumin da aka kwashe daga ƙasashen Sakkwato da Katsina, waɗanda har yau ba a san takamaiman tarihinsu ba domin ɓarayi ne suka fara isa gare su, haka kuma Bura a Nijar. Duk wannan ɓarna da diga da shebur aka yi ta, babu inji. Ina ga an ƙara wa mutane abin da zai nuna musu inda za su sara?

A kwatanta da Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina. An tona wasu kaburburan a 1907, aka sake tona wasu a 1992 bisa ƙa'ida, aka ɗauki kayan da ƙasar da ke manne da su zuwa Mainz a Jamus aka tsabtace su a hankali. An samu mundaye na tagulla da hauren giwa, da kayan ado na zinare, da duwatsun wuya, da kwano wanda ya fito daga ƙasashen gabas. Don an san yadda kowane abu yake kwance, aka iya nuna cewa ƙarni biyar zuwa bakwai da suka wuce masu mulki a ƙasar Katsina suna hulɗar ciniki da duniya mai nisa. Da mai na'ura ne ya riga su, da zinaren ya ƙare a tukunyar maƙeri a yini ɗaya.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar. Wanda ya ci karo da irin wannan abu ana buƙatar ya sanar cikin kwana bakwai. Ba a yarda a sayar wa kowa ba sai hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ba a kuma fita da shi waje sai da takarda. Abin hannu da aka ƙera kafin 1918 yana iya shiga ƙarƙashin wannan doka. Matsalarta ita ce tarar da aka yanka tun wancan lokaci hauhawar farashi ta cinye ta, kuma da wuya ka samu manomi a Kudan ko Ikara da ya taɓa jin labarinta.

Abin da mutanenmu suka fi saurare shi ne hukuncin addini, kuma malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan mas'ala. Dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne ita ce rikazi, ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar, sauran kuma in a filin wani aka samu, na mai filin ne, ba na mai tono ba. In kuwa akwai alamar ta Musulmi ce, hukuncin tsintuwa take ɗauka, a yi cigiya shekara guda. Muhtasar na Halilu ya karhanta tone kabarin mutanen jahiliyya don neman dukiya, balle na Musulmi. A duba abin da wannan ke nufi a aikace. Tukunyar sulalla da aka tono a kangon wani gida, wadda aka binne a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, ba dukiyar da ba ta da mai ita ba ce. Jikokin mai ita wataƙila suna nan a unguwar, gado ne. Kuma a ƙauyukanmu babu filin shaƙatawa na kowa da kowa irin na Turai. Kowane taƙi na ƙasa gonar wani ce, ko maƙabarta, ko filin idi, ko burtali, kowanne da mai kula da shi.

Su ma Turawan ba sakaka suke yi ba. Ingila ta yi doka a 1996, wadda ta wajabta wa wanda ya samu taskar zinare ko azurfa ya sanar cikin kwana 14. Daga 1997 aka fara naɗa jami'ai a yankuna waɗanda aikinsu shi ne karɓar mai na'ura, su duba abin da ya samo, su rubuta inda ya same shi, su mayar masa in ba taska ba ce. Ta haka aka rubuta abubuwa sama da miliyan ɗaya. A 2009 wani ya gano tarin zinare na kimanin kilo 5 a wata gona a Staffordshire, aka ƙiyasta shi fam miliyan 3 da 'yan kai, gidajen tarihi suka biya, aka raba kuɗin tsakaninsa da mai gona. A 2010 wani ya samu tukunya mai kuɗin Rumawa 52,503 a kusa da Frome, da ya gane abin da ya taɓa sai ya mayar da ƙasa ya kira masana, suka zo suka kwashe daki-daki. Wasu biyu kuma da suka ɓoye taskar da suka samu a Herefordshire an ɗaure su a 2019. Abin da ya sa tsarin ke tafiya shi ne mai gaskiya ya san ba zai tashi a tutar babu ba. A wajenmu wanda ya kai rahoto tsoro yake ji, kada a karɓe abin, a ƙwace gonar, a kuma tuhume shi. Muddin haka ne, dillali zai ci gaba da riga hukuma isa ƙauye.

Ni a ganina bai kamata a la'anci na'urar ba, bai kuma kamata a sake ta ba. A hannun wanda aka koya wa aiki tana da amfani, masu binciken kufai ma suna aiki da ita. Saurayin da ke da wannan sha'awa, zan ce masa ya fara da mai gona da mai unguwa, su san abin da yake yi. Ya tsaya a ƙasar sama wadda garma ta riga ta juya, kada ya wuce nan. Ya nisanci kushewa da ganuwa da tudun da aka san tsohon gari ne. Abin da ya samu, ya ɗauki hotonsa a wurin, wayar da ke hannunsa tana iya nuna daidai inda yake tsaye. Kada ya goge shi da yashi ko ruwan batir don ya yi ƙyalli, gogewar ce ke kashe rubutun. In ya ga bakin tukunya ko ƙashi, ya mayar da ƙasa ya tafi neman masana.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika magana a kanta ba, ina jin ta fi ta na'ura girma a yanzu. 'Yan gwangwan suna bin gida-gida suna sayen ƙarfe a kan sikeli, kuma sikeli bai san tsohon takobi ko likkafar tagulla ko maƙerar da aka gada daga kaka na biyar ba. Kayan da ba a ma binne ba, waɗanda ke rumbu da ƙarƙashin gadon tsofaffi, su ne ke tafiya kamfanin narka ƙarfe a kan farashin kilo. Waɗannan kuwa masu labarinsu suna raye, za su iya faɗin wanda ya ƙera da wanda ya yi amfani da su.

Daga Hunkuyi zuwa Samaru bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba, kuma a can akwai sashen Jami'ar Ahmadu Bello da ke horar da ɗalibai kan binciken kufai, waɗanda kowace shekara suke neman wurin yin aikin gwaji. Akwai gidan tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Makama a Kano. Ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara za su iya haɗa hakimai da dagatai da wannan sashe a rubuta kufaifan kowace gunduma, a ware ɗaki ɗaya a fadar hakimi ko a wata sakandare da za a riƙa ajiye abin da manoma suka tsinta, da sunan mai kawowa da gonar da aka samu a rubuce a gefe, a kuma ba shi ɗan tukuici. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na gina aji biyu ba.